Gwanin Jifa da Bugu: Mutum Ɗaya, Aikin Mutum Biyu

Yawancin mutanen Potiskum da suka taɓa ganin wasan kurket, a fim ɗin Indiya suka fara ganinsa. Lagaan ne, na Aamir Khan, wanda ya fito a 2001, inda manoman wani ƙauye suka ƙulla yarjejeniya da Turawan mulkin mallaka: in sun cinye Turawa a wasan Turawan, an yafe musu harajin shekara uku, in kuwa aka cinye su, su biya ninki uku. An kalla, an yi tafi, an ji daɗin faɗuwar azzalumi, amma kaɗan ne suka tashi da sanin abin da ake ƙirgawa a filin. A gidajen kallon garin nan ƙwallon ƙafa ce ke mulki, kuma musun Messi da Ronaldo ya cinye mana shekaru. To, akwai wani musun da ya girmi wannan nesa ba kusa ba, wanda ake tafkawa a Lahore da Mumbai da Bridgetown da Cape Town tun kafin a haifi su biyun: cikin 'yan kurket da suka haɗa jifa da bugu, wane ne gwanin gwanaye? A duk wasannin da na sani, ban ga gwanintar da take burge ni kamar ta waɗannan mutane ba, kuma ina ganin duk wanda ya fahimci abin da suke yi, zai yi wuya ya sake ganin kurket a matsayin wasan fararen kaya da ɓata lokaci.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Fili ne faffaɗa a kewaye, a tsakiyarsa akwai wani zirin ƙasa da aka daddaɓe, tsawonsa yadi 22, wato kimanin mita 20. A kowane ƙarshen zirin an kafa turaka uku, an ɗora 'yan itatuwa biyu a bisansu. Kowace ƙungiya mutum 11 ce. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana jifa da tsaron fili, daga baya a yi musanya. Burin mai jifa ya fitar da mai bugu: ko ya kaɓar da turakan, ko ya sa shi ya ɗaga ƙwallo sama a cafe kafin ta taɓa ƙasa, ko ƙwallo ta sami ƙafarsa a daidai inda da ta wuce sai turke. Mai bugu kuma yana riƙe da faffaɗan katako, yana kare turakansa yana neman maki. In ya buga suka yi musanyar wuri da abokinsa a guje, maki ɗaya ke nan. In ƙwallo ta gangara ta tsallake igiyar iyaka, maki 4. In ta tashi sama ta faɗa waje ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6. Jifa shida a jere su ne oba ɗaya. Akwai wasan kwana biyar da ake kira Tes, akwai na yini ɗaya mai oba 50 ga kowane ɓangare, akwai kuma T20 mai oba 20, wanda ake gamawa cikin awa uku da 'yan kai.

Darajar mai jifa da bugu daga lissafi take farawa. A wasan oba 50, doka ba ta yarda mutum ɗaya ya jefa fiye da oba 10 ba. A T20 kuwa oba 4 ne iyakarsa. Ke nan ko kyaftin ya so ko ya ƙi, sai ya tanadi masu jifa aƙalla biyar. Ga mai tsaron bayan turaka, ya zama shida. Saura gurbi biyar ga gwanayen bugu. Matsalar ita ce yawancin gwanayen jifa ba su iya bugu ba, da an fitar da biyar ko shidan farko sai ka ga sauran suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. In kyaftin ya ƙara mai bugu, jifa ya yi rauni. In ya ƙara mai jifa, bugu ya yi gajere. Duk mai zaɓen 'yan wasa a duniya da wannan ciwon kai yake kwana. Mutumin da zai jefa obarsa cikakkiya, sannan ya ɗaura kariyar ƙafa ya shiga a na shida ko na bakwai ya tara maki 50, shi ne maganin ciwon. Ƙungiyar da take da shi, mutum 11 aka rubuta mata a takarda, amma 12 take wasa da su.

Mutumin Potiskum bai buƙatar dogon bayani a nan, domin garin tireloli ne. Kowane mai mota ya san bambancin direban da tuƙi kawai ya iya, da direban da in mota ta tsaya masa a dokar daji tsakar dare da shanu a baya, zai buɗe inji ya gano ciwon ya gyara ya ci gaba da tafiya. Masu taɓa wannan su taɓa wancan suna da yawa. Wanda in an ajiye shi a gareji zai ci abinci da kanikanci zalla, in an ba shi sitiyari kuma ya ci da tuƙi zalla, shi ne ba a samu a ko'ina, kuma mai motar da ya same shi ba ya sakinsa. Ma'aunin da tsofaffin masana kurket suke auna gwanin jifa da bugu da shi ke nan: in da bai iya bugu ba sam, za a ɗauke shi don jifansa? In da bai iya jifa ba, za a ɗauke shi don bugunsa? In amsar duka biyun e ce, to an sami na gaske.

Abin da ya sa suke da wuyar samu shi ne, sana'o'in biyu ba sa ga-maciji da juna, a jiki da kuma a zuciya. Dubi mai jifan sauri. Ƙwallon da ke hannunsa nauyinta kimanin giram 160 ne, an lulluɓe ta da fata, an yi mata ɗinki mai tudu a tsakiya. Zai ja da baya, ya sheƙo a guje, ya yi tsalle, ya dira a kan ƙafar gaba da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa, ya juyo da hannu ta saman kai ba tare da ya lanƙwasa gwiwar hannu ya miƙe ba, domin doka ba ta yarda miƙewar ta wuce digiri 15 ba. Ƙwallon da ta bar hannun gwani tana gudun kilomita 140 a awa, tana isa wurin mai bugu cikin kusan rabin daƙiƙa. Kuma ba gudun ne kaɗai makaminsa ba. Za ka ga 'yan wasa suna ta goga gefe ɗaya na ƙwallon a jikin wando har ya yi sheƙi, su bar ɗaya gefen ya yi kaushi, domin iska ta riƙa karkatar da ita tana cikin tafiya. In ɗinkin ya dira a ƙasa a tsaye, sai ta kauce hagu ko dama. Mai jifan murɗe kuma ba ruwansa da gudu, da yatsu ko wuyan hannu yake murza ƙwallon, ta zo a hankali kamar ba komai, tana taɓa ƙasa ta canza hanya. Mai jifa maharbi ne: shi ke fara magana, shi ke ɗana tarko, ya jefa uku a wuri ɗaya don ya saba wa mai bugu, na huɗu ya sauya. In an buga masa 6, yana da wani jifan nan take da zai rama. Sana'ar tana son zafin zuciya da naci.

Mai bugu kuwa amsawa yake yi, kuma rai ɗaya gare shi. Cikin rabin daƙiƙar nan zai karanta hannun mai jifa, ya gane inda ƙwallo za ta dira, ya yanke shawarar ko ya taka gaba ko ya ja baya, ko ya buga ko ya kare ko ya ɗaga katako ya bar ta ta wuce. Kansa a tsaye cak, idonsa a kan ƙwallo har ta sadu da katako. Kuskure ɗaya, ya tafi ɗaki ya zauna yana kallon wasu har zangon ya ƙare. Wannan sana'a haƙuri take so da sanyin jini. Yanzu ka ƙaddara mutum ɗaya ya yini yana jifa a rana, cinyoyi sun yi tsami, baya ya ƙage, yatsu sun yi kanta, sai aka fitar da na ƙarshen abokan hamayya. A wasan Tes minti 10 kacal ake bayarwa tsakanin zango da zango. In na gabansa suka zube da wuri, kafin gumi ya bushe masa an kira shi, kuma dole ya ajiye zafin maharbi a ɗaki ya fito da natsuwar mai gadi. Lokacin atisaye ma rabawa yake yi biyu, alhali abokan gasarsa kowanne ya tattara rayuwarsa kacokan a kan fanni ɗaya. Duk da haka ana so ya yi kafaɗa da kafaɗa da kowannensu.

Wanda yake son ganin wannan lissafi a aikace, ya nemi wasan ƙarshe na gasar duniya ta T20 da aka yi a Bridgetown ranar Asabar 29 ga Yuni, 2024, tsakanin Indiya da Afirka ta Kudu. A nan Potiskum bayan La'asar ake tsakiyarsa, kuma da yammacin nan Siwizalan take fitar da Italiya daga gasar Turai da ci 2 da nema, don haka babu gidan kallon da zai juya mana tasha. A waya muka kalla, an jingina ta da buta a kan tabarma: ni, da wani dattijo tsohon malamin sakandare da ya koyi wasan a hannun malamai Indiyawa tun yana ɗalibi, da wani saurayi da ya yi karatu a Indiya ya dawo da son kurket a jininsa.

Indiya ta fara bugu, kafin a ankara an fitar mata da mutum uku tana da maki 34. Sai aka turo Axar Patel, mai jifan murɗe da hannun hagu, wanda a ƙa'ida can ƙasa yake shiga. Saurayin ya ce, "Baba, wannan ai caca ce." Dattijon ya ce, "A'a, ɗana, arziki ne. Wanda rumbunsa ke cike shi ke yin haka. In ya fita ba su yi asarar komai ba, akwai Dube da Pandya da Jadeja a baya." Axar ya tara 47 cikin jifa 31, ya ba Virat Kohli sararin natsuwa har ya kai 76, Indiya ta tashi da 176.

Da Afirka ta Kudu ta karɓi bugu, Axar ɗin nan ya fitar da Tristan Stubbs, amma a oba ta 15 Heinrich Klaasen ya yi masa kaca-kaca, maki 24 suka fita a wannan oba kaɗai. Lissafi ya koma maki 30 cikin jifa 30, da sauran mutum shida a hannu. A T20 wannan kusan an gama ke nan. Saurayin ya riƙe kai. Dattijon ya ce, "Dakata. Dubi wanda ke bayan Klaasen da Miller. Jansen ne, daga shi sai masu jifa zalla. In ɗaya ya faɗi a cikin biyun nan, wutsiyarsu ta fito." Jasprit Bumrah ya jefa ta 16 ya ba da maki 4 kacal. Sai kyaftin Rohit Sharma ya miƙa wa Hardik Pandya ƙwallo. Wannan Pandya watanni biyu kafin nan 'yan kallon ƙasarsa ihu suke yi masa a filayen gasar IPL ta Indiya, saboda an karɓe kyaftin na Mumbai Indians daga Rohit an ba shi. Jifansa na farko ya rage masa gudu, ya kai shi nesa da jikin Klaasen. Klaasen, wanda ya riga ya tara 52 cikin jifa 27 kuma hannunsa ya saba da sauri, ya miƙa katako ya laso gefen ƙwallon, ta faɗa hannun mai tsaron baya. Wannan dabarar wanda ya san zuciyar mai bugu ce, domin shi ma ya sha tsayawa a wurin, ya san yadda mutum ke ji in hannunsa ya yi zafi yana ganin komai zai iya kaiwa waje. A oba ta ƙarshe ana neman 16, Pandya ne dai. David Miller ya ɗaga jifan farko sama, Suryakumar Yadav ya cafe a bakin igiya, ya cilla ta sama da ya ji zai fita, ya dawo ciki ya sake cafewa. Indiya ta ci da tazarar maki 7, Pandya ya fitar da mutum uku ya ba da maki 20. Bumrah ne gwarzon gasar, kuma ya cancanta. Amma ni abin da na gani shi ne ƙungiya mai masu jifa shida da bugun da ya kai har na takwas, ta cinye ƙungiyar da bugunta ya tsaya a na shida.

Daga nan ne musun ya tashi, kamar yadda yake tashi duk inda masu son kurket suka taru. Saurayin ya ce Pandya ya shiga sahun manya. Dattijon ya girgiza kai ya ce oba uku da 'yan mintuna na bugu ba su ne ma'auni ba, a je wasan kwana biyar a gani. A nan ina bayansa, domin a can ne jiki da zuciya suke faɗin gaskiya.

Masu lissafi suna da nasu ma'aunin mai sauƙi. Ana duba matsakaicin makin da mutum ke tarawa kafin a fitar da shi, a kuma duba matsakaicin makin da yake bayarwa kafin ya fitar da mutum ɗaya. In na farko ya fi na biyu, yana kawo riba. A wannan ma'auni mutum biyu ne suka yi wa kowa fintinkau. Garfield Sobers, ɗan Bridgetown da aka haifa a 1936, ya buga Tes 93 wa haɗakar tsibiran Karebiyan, ya tara maki 8,032 a matsakaicin 57.78, ya fitar da mutum 235 a matsakaicin 34.03. Jacques Kallis na Afirka ta Kudu ya buga 166, maki 13,289 a 55.37, ya fitar da 292 a 32.65, ya kuma cafe ƙwallo 200. A takarda kusan tagwaye ne. A fili kuwa ba su yi kama ba. Kallis bango ne, ba ya gaggawa, yana iya yini a tsaye ba ka tuna bugu ɗaya da ya yi ba sai ka ga ɗari a allo. Sobers ya shigo yana ɗan shekara 17 a matsayin mai jifan murɗe da ke bugu a na tara, yana da shekara 21 ya buga 365 ba a fitar da shi ba a kan Pakistan a 1958, adadin da ba a wuce ba sai da Brian Lara ya yi 375 a 1994. A 1968 a Swansea ya zama na farko da ya buga 6 sau shida a oba ɗaya a babban wasa. Abin da ya fi ba ni mamaki game da shi, jifa iri uku yake yi da hannun hagunsa: na sauri in ƙwallo sabuwa ce, na murɗen yatsu, da na murɗen wuyan hannu. Kowanne a cikin ukun nan sana'a ce da wasu ke ƙare rayuwa a kanta.

Sai dai masu adawa da wannan ma'auni suna da hujja mai ƙarfi. Kallis bai kai mutum biyu a kowane wasa ba in aka raba 292 da 166. Mai bugu ne da ke taimakawa da jifa. Wasan Tes kuwa ba a cin sa sai an fitar da mutum 20, don haka wanda ke ɗauke da nauyin jifa, sannan ya ƙara da bugu, shi ya fi shan wuya kuma shi ya fi juya wasa. Nan ne ake shigo da mutum huɗun shekarun 1980, zamanin da ba a sake ganin irinsa ba: Ian Botham na Ingila, Kapil Dev na Indiya, Imran Khan na Pakistan, da Richard Hadlee na Niyu Zilan. Dukansu masu jifan sauri ne, dukansu su ne ƙashin bayan ƙasashensu, kuma kowanne yana sane da abin da sauran ukun suka yi a makon da ya wuce.

Hadlee ya fitar da 431 a Tes 86, shi ne ya fi su tsabtar jifa, amma bugunsa ya fi na sauran rauni. Masoyan Botham ba sa doguwar magana, Headingley 1981 kawai suke cewa. A wasan nan da Ostareliya ya fitar da mutum shida, ya buga 50, sannan da aka tilasta wa Ingila sake bugu tana bakin kabari, ya buga 149 ba a fitar da shi ba, Bob Willis ya ƙarasa aikin, Ingila ta ci da maki 18. Shekara guda kafin nan a Bombay ya buga 114 ya kuma fitar da mutum 13 a wasa ɗaya. In yana ganiyarsa babu kamarsa, sai dai ganiyar ba ta daɗe ba.

Kapil Dev kuma jarumtarsa ta wani fannin ce. Filayen Indiya busassu ne, ba sa taimakon mai jifan sauri, masu murɗe suke yi wa hidima. A kansu ya yi ta gudu shekara goma sha biyar da ɗoriya, Tes 131, ya fitar da 434, ya tara maki 5,248, kuma ciwo bai taɓa hana shi buga Tes ba. Ranar 18 ga Yuni, 1983, a gasar duniya, Zimbabuwe ta fitar wa Indiya mutum biyar tana da maki 17 a Tunbridge Wells. Kapil, kyaftin ɗan shekara 24, ya buga 175 cikin jifa 138 ba a fitar da shi ba, ya kai su 266. Babu hoton talabijin na wannan bugu, a bakin waɗanda suka gani kawai ya rayu. Mako guda bayan nan Indiya ta ɗauki kofin, kuma daga ranar kurket ya zama abin da ya zama a ƙasar.

In aka matsa mini, Imran Khan nake ɗauka. Masu sauraron rediyo a nan sun fi saninsa da firaministan Pakistan daga 2018 zuwa 2022, amma kafin siyasa ya buga Tes 88, ya fitar da 362 a matsakaicin 22.81, wato fiye da mutum huɗu a kowane wasa, ya tara 3,807 a 37.69. Dalilina ba adadin ba ne kaɗai. Botham ya fara da ƙarfi ya yi ta raguwa, Imran kuwa ƙaruwa ya yi ta yi. Ƙashin ƙwaurinsa ya tsage har ya shafe kusan shekara biyu ba ya jifa yadda ya kamata, sai ya mai da hankali ga bugu ya gyara shi, ya dawo ya haɗa biyun. A shekaru gomansa na ƙarshe matsakaicin bugunsa ya kai 50, na jifansa bai kai 20 ba, kuma yawancin lokacin shi ne kyaftin, wanda aiki ne na uku. Ranar 25 ga Maris, 1992, cikin watan azumi, a Melbourne, yana da shekara 39, ya ɗaga kansa zuwa na uku a jerin bugu ya tara 72, sannan shi ya fitar da mutumin Ingila na ƙarshe, Pakistan ta ɗauki kofin duniya. Na yarda Sobers ya fi kowa baiwa. Imran ne ya nuna cewa gwanintar nan ana gina ta da hannu, shekara bayan shekara.

Na baya ma ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Shakib Al Hasan na Bangaladash ya tara maki 606 ya fitar da mutum 11 a gasar duniya ta 2019. Ellyse Perry ta Ostareliya ta buga 213 ba a fitar da ita ba a kan Ingila a 2017, tana cikin manyan masu jifan sauri na mata, kuma ita ɗin ce ta ci wa ƙasarta ƙwallo a ragar Suwidin a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta mata a 2011.

Sana'ar tana cin jiki. Andrew Flintoff na Ingila ya bar Tes a 2009 yana da shekara 31, gwiwa da idon sawu sun gaji da wuƙar likita. Ben Stokes, wanda ya ɗauki Ingila a kafaɗa ta ci kofin duniya a 2019, ya sanar da barin wasan oba 50 a 2022 saboda jikinsa ba zai iya ɗaukar nau'i uku ba, ko da yake ya dawo don gasar 2023. Abin da ya fi damuna kuma shi ne dokar da gasar IPL ta shigo da ita a 2023, wadda ta ba ƙungiya damar cire ɗan wasa ɗaya a tsakiyar wasa ta sa wani. Ke nan kyaftin yana iya bugu da gwanin bugu, in an zo jifa ya musanya shi da gwanin jifa, ya sami mutum na 12 ba tare da kowa ya sha wahalar koyon sana'a biyu ba. Rohit Sharma da kansa ya fito ya ce dokar ba ta kwanta masa ba, don tana tauye masu jifa da bugu. Gaskiyarsa. Yaron da ya ga ba a bukatar hannunsa na biyu, ba zai ɓata shekaru yana horar da shi ba.

Mu a Arewa wasan nan ba baƙo ba ne kamar yadda ake zato. Ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 kuma ta zama Barewa ta Zariya, sun buga kurket, haka ma wasu tsofaffin makarantun gwamnati, kuma Kaduna har yau tana ba ƙungiyar ƙasa 'yan wasa. Farfesa Yahaya Ukwenya, likitan tiyata a Zariya, shi ke shugabancin hukumar kurket ta ƙasa lokacin da samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka sami gurbin gasar duniya ta 2020 a karon farko. A 2021 Peter Aho ya fitar da 'yan Saliyo shida ya ba da maki 5 kacal, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa yin kamarsa a T20 na ƙasa da ƙasa na maza. A Nuwamban 2024, ranar da Nijeriya ta tara 271 ta kuma fitar da Kwaddibuwa kaf a kan maki 7, Isaac Danladi ya fitar da mutum uku. Ƙasar da masu wasanta ba su da yawa ta fi kowa bukatar masu jifa da bugu, domin ba ta da tarin gwanayen fanni ɗaya da za ta zaɓa daga ciki. Haka ma duk makarantar Potiskum ko Damaturu da za ta fara haɗa ƙungiya gobe, da yaro biyu ko uku masu hannu biyu za ta tsaya da ƙafarta. Ga shi kuma kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, karo na farko tun 1900.

A Janairun 2025 a Maleshiya, 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka haɗu da Niyu Zilan, ƙasar Hadlee, a gasar duniya. Jiƙewar fili ta sa aka rage wasan zuwa oba 13. Nijeriya ta tara 65, kuma mafi yawan makin daga kyaftin Lucky Piety da Lilian Udeh suka fito. Da aka zo oba ta ƙarshe Niyu Zilan tana neman 9, Udeh ɗin nan da ta gama bugu aka miƙa wa ƙwallo. Maki 6 ta bari suka samu, Nijeriya ta ci da tazarar 2.